Wayar da Ta Sauka Rijiya

Rana ta yi ja lokacin da Gwang-su ya miƙa wa Dong-chun makullin babur. Ya ce wata tsohuwa ce a ƙauyen bayan madatsar ruwa, kwamfutar jikarta ke jan ƙafa in an hau intanet. Ƙaramin aiki ne, in ji shi, da kansa ma ya so zuwa, ciwon kai ne ya hana shi.

Dong-chun bai yi musu ba. Tare suka yi aikin soja, tare suka buɗe shagon gyaran kwamfuta a garin Naju, Yaya ma yake kiran Gwang-su. Kwanan nan kuwa Gwang-su duk ya rame, idanu sun zurma, ko ƙarar tarho ya ji sai ya zabura.

Yana ɗaure jakar kayan aiki Gwang-su ya biyo shi bakin ƙofa.

"Ka tabbata ka saurari layin da kunnenka."

"Yaya, yau za ka fara koya mini aikin?"

Gwang-su bai yi dariya ba. Ya dafa kafaɗarsa, ya koma ciki.

Hanyar ta ratsa gonakin shinkafa, kwaɗi sun cika ko'ina da kuka. Gidan shi ne na ƙarshe, a gindin tsauni. Tsohuwa Mal-sun na tsaye a tsakar gida tsakanin tulunan kimchi, kabejin da ake tsimawa da yaji, kamar ta daɗe tana jira. Ta kawo masa shayin sha'ir, ta nuna masa ɗakin jikar, amma ita ba ta shiga ba. Da ya tambayi jikar, ta ce tana birnin Gwangju wurin gwaggonta, ta ƙi dawowa.

Ɗakin na warin danshi da tsohon turare. Ya kunna kwamfuta, ya sa modem, na'urar da ke haɗa ta da layin tarho, ya buga lamba. Modem ya yi kukansa na kullum, ya yi tsuwa, ya yi ƙara, ya haɗu. Saurin ko rubu'in abin da ya kamata bai kai ba. Hoto guda na saukowa layi-layi kamar ana saƙa shi.

Ya bi abin daki-daki. Ya canza wayar da ta haɗa modem da bango. Ya zare tarhon falo. Ya sa tsohuwar ta kashe firji. Ya sake bugawa, babu abin da ya canza.

Sai ya kwance soket ɗin bango. Wayoyi biyu ya tarar maimakon ɗaya. Guda ita ce ta kamfanin tarho, wadda ta hau zuwa turken waya. Ɗayar baƙa ce, tsohuwa, ta fita ta ƙarƙashin taga. Da ya taɓa ta, a jiƙe take.

Ya yi tsaki. Ashe wani ne ke raba layin da su, shi ya sa.

Ya ɗauko kan tarhon gwaji, ya maƙala, ya danna lamba guda don layin ya yi shiru. Ya kara a kunnen hagu.

Da farko ba komai. Can sai ɗigar ruwa, daga nesa, kamar a cikin rami.

A nan ya lura kwaɗin sun daina kuka.

Ɗigar ta matso. Ƙarƙashinta akwai numfashi, a hankali, mai nauyi. Sai wata murya, ba ta mace ba, ba ta namiji ba, ta yi magana cikin raɗa.

"Kai ne wanda Gwang-su ya yi mini alkawari?"

Ya yi yunƙurin janye tarhon. Hannunsa ya ƙi. Wani ruwa mai sanyi ya fara tsiyayowa daga kan tarhon yana shiga kunnensa, yana warin laka.

Ya juya ya ga tsohuwar a bakin ƙofa, kanta a ƙasa. Ba tare da ta dube shi ba ta faɗa masa komai. Watan jiya Gwang-su ya zo, ya saurara, aljanin rijiyar gidan ya kama kunnensa kamar yadda ya kama na jikarta. Aljanin ya hana su barci duka. Gwang-su ya dawo ya durƙusa a bakin rijiyar, ya ce a sake su, zai aiko da wani.

"Ka yafe mini, ɗana," ta ce. "So nake yarinyar ta dawo gida."

Ta ja ƙofar ta rufe.

Ta taga ya hango baƙar wayar ta bi ƙasa, ta haye bakin tsohuwar rijiya, ta sauka ciki. Ɗazu a sake take. Yanzu ta miƙe ƙam, tana rawa.

Wani abu na hawowa da ita.

Muryar ta kira sunansa. Ta kira shi da irin lafazin Gwang-su.

Jakar na nesa. Ya miƙa ƙafa ya jawo ta, kayan suka watse. Hannun dama ya laluba cikin duhun da ya fara shiga ɗakin. Sukudireba. Tocila.

Yatsu dogaye, farare fat, suka kama bakin rijiyar.

Ya sami filaya. Ya datse wayar.

Wani abu ya faɗa ruwa da ƙarfi. Tarhon ya suɓuce daga kunnensa. Bai tsaya neman takalmi ba, ta taga ya fita, kuma bai waiwaya ba har ya ga fitilun gari.

Likitan da ya duba shi washegari bai ga ciwon komai ba. Amma kunnen hagu bai ƙara jin maganar mutum ba, sai dai ɗigar ruwa duk lokacin da rana za ta faɗi.

Daga asibiti shago ya wuce. Ya tarar da Gwang-su na shan miya da shinkafa, fuska ta washe, da gani ya sha barci. Da suka haɗa ido cokalin ya tsaya. Gwang-su bai musanta abin da ya yi ba, bai kuma tambayi yadda Dong-chun ya kuɓuta ba.

"Ina da yara, Dong-chun."

Dong-chun ya tattara sauran kayan aikinsa a kwali, bai yi sauri ba. Sai da ya kai ƙofa ya tsaya.

"Da ka roƙe ni, Yaya, wataƙila da na je da kaina."

Dong-chun bai kai bakin titi ba ya jiyo, da kunnen da ya rage masa, cokali ya ci gaba da taɓa kwano.