Katin da Ya Isa Gida Biyu

A wani zamani da ake yaƙi, wani babban jirgin ruwa ya ɗebi sojoji zuwa ƙasa mai nisa. Da aka kusa tasha, sai aka raba musu kati ɗaya ɗaya, kowa ya rubuta wa gida. Saje ya ce, "Da na busa usur zan ɗaure buhun wasiƙu."

A ɗakinsu soja ɗaya ne kawai ya iya rubutu, kuma wata uku ke nan tsohuwarsa ba ta ji ɗuriyarsa ba. Ya ɗauki fensir ke nan zai fara nasa, wani ya ce, "Malam, rubuta mini." Ya ce, "Kawo." Wani ma ya zo, ya ce, "Kawo."

Na ƙarshe wani ƙato ne da kullum yake masa ba'a, wai fensir ya fi ƙarfinsa balle bindiga. Saje ya riga ya fito da usur. Sojan ya dubi katinsa, ya dubi ƙaton, ya ce, "Kawo."

Ƙaton ya lura katin malam babu ko layi ɗaya. Ya ce, "Kai, ɗan tsurut, ina ne garinku?" Ya faɗa masa.

"Ai kasuwarku innata take kai daddawa. Sa gaisuwarka a ƙasan tawa."

Aka busa usur.

Bayan wata biyu, ran kasuwa, wata mai daddawa ta ajiye ƙwaryarta, ta shiga tambayar gidan tsohuwar da ɗanta ya iya rubutu.