Kukan da Aka Ji a Matoya

La'asar ta yi sakaliya, inuwar katanga ta cinye rabin tsakar gida, masu koyo kuma sun fara wanke hannu a bakin famfo. Gidan wata maginiya ne da kowa a unguwar ke kira Anti. Ta kafa rumfar kwano a bayan ɗakuna, ta jera bencina da tebura, tana koyar da ginin yumɓu da zane a jikin tukwane. Da safe matan aure da tsofaffin ma'aikata ne ke zuwa. Bayan an tashi makaranta sai samari da 'yan mata. Ran Asabar kuma malaman firamare, masu neman abin da za su koya wa yara ban da alli da allo.

A ranar kowa ya hallara, domin an dawo da kayansu daga baje kolin da aka yi a cibiyar unguwa. Wani dattijo da ake wa laƙabi da Baba Ritaya yana ta shafa tulunsa mai karkataccen wuya. Auta, 'yar Anti tilo mai shekara goma sha shida, ta tsaya a kansa tana dariya.

"Baba, wai wannan tulu ne ko hula?"

"Idan ya ƙi ruwa ai ya karɓi kai," in ji shi, ya ɗora shi a kan kantar jera tukwane, ya juya yana kakkaɓe riga.

Ba a gama dariyar ba wani abu ya faɗo tsakiyarsu, ya tarwatse a kan siminti. Tsingaro ne, guntun fasasshiyar tukunya. Aka ɗaga kai. Babu kowa a kan katanga, bayanta kuma fili ne fetal da ko akuya ba ta kiwo a ciki. Na biyu ya sauko, ya daki kwanon rumfa. Auta ta sunkuya ta ɗauki guda, nan take ta yar da shi tana yarfe hannu.

"Umma, da zafi. Kamar yanzu aka fito da shi daga wuta."

Baba Ritaya ya sa bakin takalmi ya juya shi. A jikinsa akwai zanen ganye, wanda shi da kansa ya yi da tsinke. Ya waiga wajen kantar. Tulunsa na nan tsaye inda ya ajiye shi, amma gefensa ya ɓare, kuma babu wanda ya ji ƙarar fashewarsa. Ɗaya bayan ɗaya suka ɗauki jakunkunansu suka fita, sallamar ma a ciki suke yin ta. Anti ta tsaya riƙe da tsumma, idonta a kan ƙarshen gidan, inda tsohuwar matoya take.

Matoyar, wato inda ake gasa tukwane, ta girmi zamansu a gidan. Rami ne da aka kewaye da jan bulo, kafin baje kolin ciyawa ta rufe bakinsa, ba wanda ya san rabon da a hura masa wuta. Anti tana da ƙarama tata, amma da baje koli ya matso, kayan ɗalibai suka yi mata yawa. Sai wata rana gab da magariba ta share tsohuwar cikin gaggawa, ta jera kayan, ta lulluɓe su da itace, ta ƙyasta ashana. Ita kaɗai ce a wurin. Da wutar ta kama sosai, ta ji kuka daga can ƙasan ramin, siriri, irin na jinjirin da bai daɗe da zuwa duniya ba. Ga bokitin ruwa a gefen ƙafarta. Amma ta san ruwa a kan tukunyar da ke cikin wuta daidai yake da guduma, wahalar mutane ta watanni za ta zama tsingaro. Ta ce a ranta ɗanyen itace ne ke fito. Ta ƙara itace. Kukan ya yi ta sirancewa har ya ɗauke. Da aka kwashe kayan, sun yi wani irin ja mai sheƙi da ba ta taɓa samu ba, a wurin baje koli kowa sai yabo. Ba ta gaya wa kowa abin da ta ji ba.

Daga ranar da tsingaro ya fara faɗowa, gidan bai sake ganin magariba lafiya ba. Da rana ta karkata sai jifa ta fara, ba ta da yawa, amma ba ta kuskure. Ta fasa gilashin taga, ta fasa goshin maigidan, mijin Anti, wani tela mai sanyin hali wanda ya hau katanga da tocila har ya gaji bai ga kowa ba. Ɗanyun tukwanen da aka bari su sha iska, da safe sai a tarar an murɗe musu wuya. Wani lokaci idan gari ya yi tsit tsakanin kiran salla da tayarwa, sai a ji murya daga rumfa, ta mace, tana rarrashi a hankali kamar mai jijjiga goyo. Iyaye suka hana 'ya'yansu zuwa. Malaman firamare suka ce aiki ya yi musu yawa. Bencinan suka yi ƙura.

Sannan abin ya koma kan Auta. Yarinyar da ba ta iya rufe baki ta zama kamar bebiya. Da yamma sai ta tafi rumfa ta zauna a ƙasa, ta jawo yumɓu tana mulmulawa, kullum siffa ɗaya take fitarwa, jinjiri a dunƙule ya rufe fuska da hannuwa. Jikinta ya yi zafi kamar kasko. An kai ta asibiti, an auna abin da za a auna, ba a ga komai ba. Wata yamma Anti ta shiga kicin ta same ta tsugune gaban murhu, tana miƙa hannu cikin garwashi a natse, kamar mai ɗebo gishiri. Ta fizgo ta da ƙarfi. Auta ta ɗago kai ta dube ta da idanun da ba nata ba.

"Da sauri haka?" in ji wata murya mai kauri daga bakinta. "Ashe kin iya ciro ɗa daga wuta."

Washegari maigidan ya rufe shago ya tafi neman malami.

Malamin da ya zo tsoho ne siriri, mai magana ƙasa-ƙasa, wanda ya daɗe yana karantarwa kafin a san shi da ruƙiyya. Ya iso bayan la'asar. Ya ƙi shiga falo, ya ce a shimfiɗa masa tabarma a rumfa. Aka kawo Auta aka zaunar a gabansa, uban yana riƙe da kafaɗunta, uwar a gefe. Ya fara karatu ba tare da ɗaga murya ba. Aka daɗe ba abin da ya motsa sai inuwa. Can tukwanen da ke jere a kan kantar suka fara kaɗawa suna gugar juna. Auta ta miƙe wuya, yatsunta suka ƙage, ta saki wani nishi mai tsawo.

"Ya isa, tsoho. Ina jin ka."

"Wace ce ke, kuma me ya haɗa ki da yarinyar nan?"

"Ni ce mai ramin can. Ina ciki tun kafin a aza tubalin gidan nan. Na fita neman abinci na bar ɗana yana barci. Na dawo na tarar da toka."

Malam ya sunkuyar da kai, ya yi salati. "Allah ya ba ki haƙuri. Amma mutane ba sa ganin ku. Abin da aka yi bisa kuskure ba a ramuwa a kansa."

Dariyar da ta fito daga bakin Auta ba ta da daɗin ji. "Kuskure? Tambaye ta. Ba ta gani ba, gaskiya ne. Tambaye ta ko ba ta ji ba."

Malam ya juya ya dubi Anti. Maigidan ma ya dube ta.

"Na ji, Malam."

"Da ruwa a kusa da ita," in ji muryar. "Ta dubi ruwan, ta dubi tukwanenta, ta ƙara itace. An tafa mata a kan jan da suka yi. Kun san abin da ya ba su wannan jan?"

Hasken rana ya gama janyewa daga kan katanga. Malam ya ja carbinsa, ya sake magana.

"An zalunce ki, ban musa ba. Amma yarinyar nan ba ta ƙyasta ashana ba, ba ta ƙara itace ba. Wani ba ya ɗaukar laifin wani. Ki fita daga jikinta."

"Ɗa da ɗa. Ba zan yi gaggawa ba. Zan kai ta wuta da ƙafarta, uwar tana ji."

"To zan ci gaba da karatu, kin kuma san abin da zai yi miki."

"Da ƙuna za ka tsorata ni? Me ya rage a jikina da bai ƙone ba?"

Ya ci gaba. Wannan karon ya ɗaga murya, rumfar ta cika da ita. Auta ta yi ta birgima, uban yana kuka yana danne ta, tukwane suna faɗowa daga kan kantar suna fashewa. Muryar ta yi kururuwa har ta dushe, sannan ta ce a dakata.

"Na bar wa yarinyar ranta. A ba ni idanunta."

"Ko gashin girarta ba nawa ba ne da zan ba ki. Abin da zan iya shi ne wannan. Za a rufe ramin, ba mai sake hura wuta a kansa. Uwar za ta yi sadaka, ta nemi gafarar Ubangiji, ta nemi taki. Sauran ki bar wa Mai sakayya, ya fi ki iya hisabi."

"A ba ni hannun da yarinyar take zane da shi."

"Na ce a'a."

A nan ne Anti ta rarrafo ta zube a gaban 'yarta. "Nawa ne ya yi laifin. Ki ɗauki nawa ki bar ta."

"Yi shiru!" Malam ya daka mata tsawa, karo na farko da aka ji shi ya yi ihu. Amma magana zarar bunu ce. Fuskar Auta ta saki, wani murmushi ya bazu a kanta a hankali.

"Na karɓa. Kada ki ji tsoro, ba zan shanye shi ba. Ina so ya zauna lafiya lau, kina kallon sa kullum. Amma duk abin da ya taɓa, in dai ya shiga wuta, ba zai dawo miki ba. Ki san yadda ake ba wuta abu a tsaya jira."

Malam ya sa aljanar ta rantse da Wanda ya halicce ta cewa ba za ta sake kusantar yarinyar ba. Ta rantse. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki a hannun ubanta. A can ƙarshen gida suka ji rugugi, bangon tsohuwar matoya ya rufta cikin ramin, ƙura ta tashi ta kwanta. Yarinyar ta buɗe ido ta ce tana jin ƙishirwa.

Da zai tafi, Malam ya tsaya a ƙofa ya ce wa Anti kada ta ɗauki maganar aljanu kamar wahayi, ƙarya a wurinsu ba wuya, ba kuma mai cutarwa sai da iznin Allah. Ta yi sadakar, aka cike ramin da ƙasa. Jifa ta ɗauke. Bayan wani lokaci ta gina ƙaramar tukunya ta sa a matoyarta, ta fito a tarwatse. Ta canza yumɓu, ta canza itace, ta sake. Ranar da ta gyara wa wata ɗaliba bakin kofi da ɗan yatsa kawai, kayan kowa suka fito lafiya sai wannan kofin. Daga nan ba ta ƙara gwadawa ba.

Masu koyo sun dawo sannu a hankali, tsofaffi da farko, sannan malamai, sannan yara. Yanzu Auta ce ke zama a gaba tana nuna yadda ake murza yumɓu, ba ta kuma tuna komai daga kwanakin ciwonta, ba a kuma gaya mata ba. An dai ce mata hannun Umma ne ke ciwo. Anti tana zagaya tebura da hannuwa a goye a baya, tana koyarwa da baki: a ƙara ruwa, a sassauta babban yatsa, a bar gindin ya yi kauri.

Wata yamma bayan kowa ya watse, Auta ta kammala randa babba, ta farko da ta gina ita kaɗai tun daga gindi har baki. Ta ja da baya tana haki, fuskarta duk yumɓu.

"Umma, zo ki taɓa ki ji. Ko ke ba ki taɓa samun santsi irin wannan ba."

Anti ta matso har tana jin sanyin ɗanyen yumɓun a fuskarta. Hannunta na dama ya taso da kansa. Ta kama shi da na hagu, ta naɗe su duka cikin gefen mayafi.

"Ina gani daga nan," in ji ta. "Ɗauko tsumma ki rufe ta, kada iska ta tsaga ta."