Ya Ƙi Yi wa Abba Tiyata

"Ba za ka yi masa ba? Da bakinka kake faɗa min?"

A bakin ƙofar sashen tiyata nake tsaye, bayan jan layin da aka hana dangin majinyata tsallakewa. Masoyina yana daga ciki, naɗe cikin rigar kariya da takunkumi, idanunsa kawai nake gani.

"Abokin aikina ne zai yi, Ƴar rigima. Ya ƙware, wallahi..."

"Kar ka ƙara kira na haka! Mahaifina ne fa ake turawa a gadon can!"

Ya buɗe baki ke nan wata nas ta leƙo ta yafito shi. Ya juya, ƙofar ta rufe.

Kaina ya ɗaure tamau.

Tun da annobar nan ta shigo komai ya rikice mana. Abba yana fama da ƙaba, har an sa masa ranar aiki, sai asibiti ya ɗage duk tiyatar da ba ta gaggawa ba. Aka mayar da ɗakunan aikin wurin kwantar da masu sarƙewar numfashi, ɗaya tal aka bari. Kuma cikin duk likitocin duniya, wanda zan aura ne ya kira Abba ya gaya masa.

Gwaggo kuwa abin nema ya samu, dama ɗanta take yi wa kamuna.

"Surukin da bai iya sama maka gado ba, Yaya, shi za ka ba wa ƴa?"

Abba ya ce a jingine maganar aure. Na yi kuka, na kare masoyina har bakina ya gaji. Sai ga shi yau hanjin Abba ya shaƙe, babban likitansu an killace shi a gida, shi kuma da nake tunƙaho da hannunsa ya ce ba zai riƙe wuƙa ba.

Fushi yake da Abba? Ko ni ce ya gaji da ni? To me ya sa idanunsa suka yi ja?

"Na gaya miki," in ji Gwaggo, takunkuminta a haɓa. "Ramuwa ce!"

Na kau da kai daga gare ta. Tsoro nake ji kada in rasa su duka biyun a yini ɗaya.

La'asar ta yi kafin wayata ta yi ƙara. Lambar masoyina ce, kiran bidiyo, amma fuskar Abba na gani, a galabaice, yana murmushi.

"Abba! Sannu, Abba... ya jikin?"

"Da sauƙi, uwata. Allurar baya suka yi min, idona biyu aka yi komai. Wannan yaron yana tsaye a kaina, ya riƙe min hannu har aka ɗinke. Na ce masa, kai da ake yabo, me ya hana ka? Kin san abin da ya ce?"

Na girgiza kai, hawaye na zuba.

"Wai a aikinsu likita ba ya yanka mahaifinsa, don hannu yakan yi rawa. Na duba kuwa, nasa rawa yake kamar mai jin sanyi!"

Wayar ta karkata, na ga idanun nan a saman takunkumi.

"Na so in yi miki bayani, ranki ya daɗe, ba ki bar ni ba."

"Ni... ni ban san me zan ce ba..."

"Ba sai kin ce komai ba," Abba ya katse ni. "Miƙa wa Gwaggonki wayar. Ni na ɗage ranar aurenki da ɗana likita, ni zan mayar da ita."