Girkin da Auwal Ya Daina Ci

"Na ci a gida," in ji Auwal, ko murfin kwanon bai ɗaga ba.

"Nan kuma fa?" na ce. "Masauki ne?"

Ya kunna rediyo, wai yana jin rantsar da sabon gwamna. Soja sun sauka, gari sai murna yake, ni kuwa ina zaune da soyayyen naman da mijina ya ƙi taɓawa kwana na goma sha biyu.

Watanmu huɗu da aure, kuma duk unguwarmu ta Dukawuya an san hannuna a girki. Amma kullum ya taso daga kasuwar Kurmi sai ya biya Madabo wajen mahaifiyarsa, Hajiya Uwa, ya dawo mini a ƙoshe. Ga rama yana yi. In na shigo ba zato sai in tarar ya dafe cikinsa ta hagu, ya yi saurin janye hannu.

Zuciyata ta ba ni abu ɗaya: an ce musu ina zuba masa wani abu a abinci. In wannan zargi ya tabbata, aurena ya ƙare, sunana ma haka.

Washegari da hantsi na yafa mayafi na nufi Madabo. Na tarar da Hajiya tana tsince wake, ga zogale a faranti. Na durƙusa na gaishe ta.

"Hajiya, in laifi na yi a faɗa mini... Wallahi ban taɓa sa masa komai ba."

Ta saki waken ta dube ni.

"Sa'adiyya, wa ya ce kin sa?"

"To me ya hana shi cin nawa?"

Ta mayar da idonta kan waken. Auwal ɗanta ne na fari, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta zauna da suruka tana zancen cikinsa. Na ga kunya da tausayi suna kokawa a fuskarta.

"Shi wancan ɗin," ta ce a hankali, "hanjinsa ne ke kumburi. Likita ya ce in ya tashi, sai koko tatacce da romo. In ya lafa, wake da ganye da ruwa da yawa, a rage maiƙo da nama. Na ɗauka ya gaya miki tuni. Ni kuma bakina ba zai iya ba."

Kunya ta rufe ni, haushi ya biyo baya.

Da la'asar ya shigo, na tare shi a tsakar gida.

"Ni ce ba zan iya dafa wake ba, Auwal?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ciwon ciki ne ya ɗauke Babanki bara, Sa'a. Har yanzu in an ambata sai kin yi kuka. Na kasa zuwa miki da irinsa."

Sai ga hawayen da yake gudu sun zubo.

"Baba ma ɓoye mana ya yi," na ce, "sai da aka makara. Kada ka yi mini irin wannan son, masoyina. Ka bar ni in ji tsoron, ina kusa da kai."

Ya kama hannuna ya ɗora a inda yake masa ciwo.

"Nan ne," ya ce. "Yau da sauƙi."