Kwanon Toka

Ku matso, 'ya'yana. Babba, ajiye wayar nan. Labari zan ba ku, kuma kun san mai shi.

Wata tsohuwa ce mai kyanwa, Toka, da ta tsince ta tun idonta bai buɗe ba. Kullum da magariba takan ƙwanƙwasa kwanon silba da cokali, Toka ta fito daga ƙarƙashin matakala. Da mai gida ya ce za a rushe ginin, babban ɗanta, direba, ya ce ya sama mata ɗaki, amma ba a shiga da dabba. Sai ta roƙi ƙawarta mai shagon hatsi ta karɓi kyanwar. Ta wanke kwanon, ta miƙa wa ɗan.

"Kai su tare. Kyanwa ba ta zama inda babu kwanonta."

Ya dawo yana dariya. "Inna, Toka ta samu duniya. Ɓeraye har sun fara kai ƙara."

Bayan 'yan kwanaki, rana ta faɗi, ana kwashe shanya, sai dutse ya faɗo tsakar gida. Wani dutsen ya biyo. Babu yaro a kan katanga. Gidan ya yi tsit, sannan aka ji ƙarar kwano, a hankali, irin bugun tsohuwar, alhali hannayenta na kan cinyarta.

Haka kowace magariba. Sai 'yar direban, budurwa mai yawan surutu, ta daina magana. Ta shige ƙarƙashin matakala ta naɗe, ta ƙi abinci, tana kartar ƙofa har farcenta ya fashe.

Aka kira malami mai ruƙiyya. Ya zauna ya yi ta karatu a kunnenta, har jikinta ya sanƙare, wata murya mai kauri ta fito.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai? Me ta yi maka?"

"Ita ba ta yi ba. Na riga su zama a gidan nan. Ni da Toka kwano ɗaya muke sha, ban taɓa taɓa kowa ba. Tambayi ubanta ina buhun da ya ɗaure Toka a ciki."

Direba ya ce, "Ƙarya yake, Malam. Aljani ne fa."

Muryar ta ce, "A buɗe bayan motarsa."

Tsohuwar ce ta buɗe da hannunta. Ga kwanon nan kusa da tayar ajiya, da cokalin a ciki. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi ɗanta har ya sunkuyar da kai.

"Shagon da nisa, Inna. Juji na kan hanya, can na yar da ita. Kyanwa ce fa kawai."

Muryar ta ce, "A ɗaure 'yarsa a buhu, a kai ta can, mu yi daidai."

Malam ya ce, "Wannan zalunci ne, ba za ka samu ba. Faɗi abin da zai yiwu."

Muryar ta ce, "To, ya nemo Toka da ƙafarsa. A ba ta hannun mai so."

Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, ta buɗe ido, ta ce, "Kaka, ƙishirwa nake ji."

An samo Toka, ƙashi da fata, ido ɗaya ya tafi. Tsohuwar ta buga kwanon. Kyanwar ta kalle ta, ta juya baya. Tana shagon hatsi yanzu, ba ta ko leƙowa idan tsohuwar ta je.

To, bakin da ya ce Toka ta samu duniya, shi ne yake cewa ya sama wa uwarsa ɗaki mai kyau. Ba wanda ya ga ɗakin sai shi. Motarsa na waje, an ce in haɗa kaya. Ku zauna ku daidaita a tsakaninku, yau, wa zai fara zuwa ya gano min wurin nan da idonsa. Kafin nan, ba na shiga motar.