Bangon da Ba Ya Riƙe Komai

Magariba ta kawo jiki lokacin da dutsen farko ya faɗo kan rufin. Dakta, wadda ta dawo daga ɗakin gwaje-gwaje ko takalmi ba ta cire ba, ta ce yaran maƙwabta ne. Na biyu ya faɗo tsakiyar falo, alhali tagogi a rufe suke.

Ta yi shekaru tana haɗa wani ruwan shafe mai ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Duk abin da aka shafa wa, ba ƙwayar cuta ba datti da zai iya maƙale masa. Don bututun da ake sa wa marasa lafiya take yin sa. Amma da gansakukar banɗakinta ta ishe ta, sai ta ɗebo ragowar ta shafe bangon tas.

Tun daga ranar gidan bai huta ba. In ba jifa ba, sai a ji wani abu ya zame ya faɗi tim a banɗaki, yana nishi. Daga baya 'yarta tilo ta daina magana. Sai dai ta damƙe gefen rigar uwar, kullum da safe sai an ɓamɓare yatsun kafin Dakta ta fita aiki. Uwar ta gaji, gajiyar da ko kuka ba ta bari a yi.

Da magunguna suka ƙi, aka kira wani tsohon malami. Ya zauna yana karatu a hankali har hasken yamma ya janye daga ɗakin. Can yarinyar ta buɗe baki, muryar wani dattijo ta fito.

"Malam, ka sassauta. Ni ma a gajiye nake."

"Me ka zo nema jikin yarinya?"

"Wurin riƙewa. Tun kafin a haifi matar nan nake zaune cikin 'yan ramukan bangon can. Ta zo ta mayar da shi santsi. Na kama, na zame. Ƙuguna ya gama yawo."

"Shi ne ka kama 'yar mutane?"

"A jikinta kaɗai na samu tsaga. A bar mini ko tafin hannu guda na bangon, in koma."

Dakta ta ɗauki wuƙa ta nufi banɗaki, yarinyar na biye da ita riƙe da riga. Ta kankare aikinta har tsohon siminti ya bayyana. Yarinyar ta yi atishawa, jikinta ya saki, gidan ya yi tsit.

Amma hannun bai saki rigar ba.

"Malam, bai fita ba!" in ji Dakta.

Tsohon ya duba idon yarinyar, ya girgiza kai. "Ya fita, 'yata. Wannan riƙon ba nasa ba ne."

Yarinyar ta ɗaga kai, da muryarta ta kanta ta ce, "Umma, gobe ma za ki ɓamɓare ni?"