Masarar da Ba Ta Son Rana

Magariba ta kawo jiki a Jibiya, irin ta bazara, wadda rana kan faɗi ta bar zafinta a jikin bango. Manyan motoci sun yi layi a Magama, bakin iyaka. Kaji sun hau katanga. A tsakar gidan Alhaji Yahaya mai fiton kaya zuwa Maraɗi, matarsa Nana na kwashe tuwo, shi kuma ya cire hula yana bai wa sanƙonsa iska. Sai dutse ya faɗo cikin tukunyar miya.

Tsakuwa ce fara, mai zafi kamar daga murhu aka ciro ta. Alhaji ya ce yaran maƙwabta ne, gobe zai ga ubansu. Ta biyu ta sauka a tsakiyar kansa, da saitin da babu yaron Jibiya da ya taɓa yin irinsa. Daga sito, wanda ke kulle da kwaɗo, aka ji kamar jariri na kuka a cikin rijiya.

Nana ta juya tsakuwar da ludayi, ta ce a hankali, "Alhaji, wagga ai ta tukunyar Inna ce."

Inna Habsatu, mahaifiyar Alhaji, ta rasu kafin azumi. Ta bar carbi, da akwatin zannuwa, da wani tsiro da wani direba ya kawo mata daga Kwatano shekaru da yawa. Direban ya ce sunansa darasina, ita kuwa Baƙuwa take ce masa. Kara ne kamar rake, ganyensa dogaye irin na masara, da zanen rawaya a tsakiya, da tsakuwoyi farare a bakin tukunyar da aka shuka shi. Tsohuwar ta mai da shi aikinta. Da bazara yana falo, nesa da taga, haske na zuwa masa ta bayan labule marar kauri. In damina ta sauka gari ya lumshe, sai ta fito da shi baranda, ƙarƙashin rufi. In ɗari ya shigo, rana ta karkata kudu, wuni ya gajarce, sai ta matso da shi dab da tagar kudu. Ba ta taɓa ɗaga tukunyar ba sai ta yi bisimilla, ta ƙara da, "Ku gafarce mu."

Alhaji a gonar Daddara ya tashi, kuma ya tabbata babu abin da ƙasa ke fitarwa da bai sani ba. Bayan rasuwar ya tsaya kan tsiron ya yi dariya. "Shekara da shekaru masara ba ta yi goyo ba, don an ɓoye ta a ɗaki kamar amarya!" Ya sungumi tukunyar, ba bisimilla ba gafara, ya dire ta a tsakiyar siminti, inda ko ƙadangare ba ya tsayawa da azahar. Kafin Juma'a ganyen ya yi tabo, bakinsa ya ƙone ya nannaɗe. Da ya ga abin ya zama abin kunya gaban baƙi, sai ya jefa shi sito bayan buhuna, ya kulle.

Washegarin jifa, da rana ta take, aka nemi Zaituna aka rasa. Ita ce 'yarsu ɗaya, tana ajin ƙarshe a sakandare, yarinyar da ko shanya za ta kwashe sai ta yafa gyale. Aka same ta tsaye a tsakiyar siminti, daidai zagayen da gindin tukunya ya bari, ba takalmi, ba ɗankwali, ta ɗaga fuska tana kallon rana ido buɗe. Maza biyu suka kasa gusar da ita. Sai da inuwar katanga ta taɓa ƙafarta ta zube.

Haka aka yi ta yi. Kullum rana ta yi tsaka tana wurin, kullum magariba tsakuwa. Fatar goshinta ta yi tabo, leɓenta ya tsage. An kai ta asibiti, an ba ta ruwa da man shafawa, ta dawo ta koma wurinta. Sai wata magariba, fitila na ci a gabanta, ta ce, "Baba, wa ya kashe wuta?"

A daren aka aika garin Bugaje a kira Malam Yusha'u mai ruƙiyya.

Ya iso washegari da la'asar sakaliya, tsoho siriri mai tafiya kamar yana tsoron tada ƙasa daga barci. Ya sa aka zaunar da yarinyar a baranda, ya dafa kanta ta bisa mayafi, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Haske ya janye daga tsakar gida, tsuntsayen kan itacen bedi suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Can Zaituna ta yi dariya, da muryar tsohuwa wadda ta sha hayaƙi.

"Sassauta, Malam. Ba da kai nike ba."

"Wace ce ke, kuma mi ya kawo ki jikin ɗiyar mutane?"

"Baƙuwa ce. A gindin karan nan na zo, bisa buhunan shinkafa, duwan na can ƙetare bai gan ni ba, kwastan na nan bai gan ni ba. Habsatu ta san muna ciki. Ta ba mu haske, ta tsare mu daga rana, ban taɓa fasa mata ko ƙoƙo ba. Sai wancan mai ƙwaryar kai ya shanya ni da ɗana kamar barkono." Yatsan yarinyar ya miƙe ya nuna Alhaji. "Bayan yarona ya saɓule. Sannan ya kulle mu a duhu har idonsa ya daina gani. Na gama rama rana a jikin ɗiyarshi. Saura duhu."

"Ni masara na ɗauka," in ji Alhaji.

"Ka taɓa ganin masarar da ta shekara goma?"

Malam ya ɗaga murya da karatu har jikin yarinyar ya sandare, muryar ta yi ƙara tana neman afuwa. Sannan ya tsaya. "An zalunce ki, na ji. Amma yarinyar nan ba ta ɗaga tukunya ba. Kin kama wadda ba ta yi ba, kin zama azzaluma ke ma. Ki fita, ko in ci gaba."

"To a ba ni wanda ya yi."

Malam ya dubi Alhaji. Alhaji ya dubi Nana. Nana ta dubi ƙasa, da alama ta ga wani abu mai muhimmanci a wurin. Sai hannun Zaituna ya fara lalube a iska, yana neman abin kamawa. Alhaji ya kama hannun, ya ce, "Ga ni."

"Ya tsaya inda ya aje mu, ba hula, har bazara ta ƙare," in ji muryar.

"Kisa kike so, ba haƙƙi ba," in ji Malam. "Rana guda, daga hantsi zuwa azahar."

"Malam, ka fi 'yan canjin Magama tsanani." Sannan ta ce, "Na yarda. Amma shi zai riƙa ɗaukar tukunya da hannunsa, yadda uwarsa ta yi. Haske, ba rana ba. In sabon ganye ya fito, ɗana ya warke, mu bi mota mu tahi gida. In ya sake ƙona ko ganye guda, na san hanyar idonta."

Zaituna ta yi atishawa mai ƙarfi, ta faɗa jikin uwarta. Da ta buɗe ido sai ta kare fuska, ta ce fitila ta yi mata yawa.

Washegari Alhaji Yahaya ya tsaya. Direbobi da 'yan dako suka ji labari, suka yi ta zuwa gaisuwar da ba a gayyace su ba, kowa na leƙe ta zaure yana cewa, "Sannu da rana, Alhaji." Sanƙon ya yi ja, ya kumbura, daga baya ya saɓule. Da ya warke sai ya bar tabo dogo, siriri, mai tsini, wanda duk wanda ya san ganyen Baƙuwa ba ya bukatar a faɗa masa kamarsa.

Tukunyar kuwa da hannunsa ya fito da ita daga sito, ya mai da ita falo. Da ruwan farko wani ɗan kore ya leƙo daga kan karan, a nannaɗe. A magaribar ranar wani direba da ya nufi kudu ya rantse motarsa ta yi nauyi ba tare da an ƙara kaya ba. Ba a sake jifa ba. Zaituna ta rubuta jarrabawarta da idonta biyu.

Har yau, in ɗari ya shigo, za ka ga Alhaji ya rungumi tukunya yana nishi zuwa tagar kudu, yana cewa ku gafarce mu. Rannan Nana ta ce, "Alhaji, ka huta mana. Ba ta tahi ba?"

Ya gyara labule, ya auna hasken da bayan hannunsa, ya ja hularsa ta rufe tabon.

"Ke kin ga fitarta?"